Yadda ake amfani da che da cui, da zaɓen lokacin da ya wuce a Italiyanci

Bahaushe mai koyon Italiyanci yakan yi tuntuɓe a wuri guda. Mukan ce "yaron da na yi magana da shi", mu dawo da "shi" a ƙarshe. Italiyanci ba ya son wannan maimaicin. Ƙaramar kalmar nan "da" ta "da shi" (con a Italiyanci) kan dawo gaba, sai cui ta biyo ta: il ragazzo con cui ho parlato. In ka ce che ho parlato con lui za a gane ka a kasuwa, amma malami zai ja maka jan biro.

Don haka ka fara duba aikatau. In ba ya bukatar ƙaramar kalmar Italiyanci irin su a, di, con, in ko per, sa che kawai, ba ruwanta da namiji, mace ko jam'i: la donna che lavora, i libri che leggo. In yana bukata, sai cui: la città in cui abito, garin da nake zaune. Mallaka kuwa, il cui ko la cui, kuma abin da aka mallaka ake bi, ba mai shi ba: l'uomo la cui figlia studia a Roma, mutumin da 'yarsa ke karatu a Roma.

Wani sauƙi: mu "sun zo" kan koma "waɗanda suka zo", amma aikatau na Italiyanci galibi ba ya sauya kama bayan che.

Lokacin da ya wuce ya fi cin rai. Abin da ya faru ya ƙare, passato prossimo ne: aikatau mai taimako avere ko essere (ho daga avere yake, è da sono daga essere), sannan aikatau mai ƙarewa da -ato, -uto ko -ito. Ho mangiato, ho venduto, ho dormito. Irin su fatto, detto, visto, scritto, preso kuwa, sai hadda. Aikatau irin su andare, venire, arrivare, partire essere suke ɗauka, kuma ƙarshensu na bin mai aikin: Maria è arrivata, i ragazzi sono partiti. A nan mutane suka fi mantuwa.

Abin da ake cikin yi ko aka saba yi a da, wato "ina" da "nakan", imperfetto ne. Leggevo quando è arrivato: ina cikin karatu ya iso.

In wani abu ya riga wani faruwa, sa avevo ko ero (imperfetto na avere da essere) kafin aikatau: il libro che avevo comprato, littafin da na riga na saya. Passato remoto, kamar andai ko disse, za ka fi gamuwa da shi a littattafai da bakin mutanen kudancin Italiya. A farko iya gane shi ya isa.