Yadda shafin Hausa ke kawo kuɗi: ka nemi mai shago kafin ka nemi Google

Tambayar da aka fi yi mini tun da na buɗe shafina na kiwon kaji ita ce, "Malam, nawa Google ke biyanka?" Ko sisi ba ta biyana. Duk da haka shafin yana riƙe kansa, yana sayen data, yana biyan kuɗin mazauninsa, wato hayar wurin da ake ajiye shi a intanet, har ya rage mini cefane. Yawancin abin da matasanmu ke ji game da wannan sana'a daga bakin masu rubutu da Turanci yake fitowa, alhali lissafinsu daban, namu daban. Shi ya sa nake so in shimfiɗa hanyoyin yadda suke ga mai rubutu da Hausa.

Mu fara da AdSense, tunda shi kowa ke mafarki. Tsari ne da Google ta fito da shi a 2003: ka ba ta fili a shafinka, ta liƙa tallan kamfanoni, ku raba abin da aka samu. Kason mai shafi ya kai kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da mai talla ya biya. A da galibi sai mai karatu ya danna tallan ake lissafa maka, amma daga farkon 2024 aka koma biya gwargwadon yawan bayyanar tallan a gaban masu karatu. Dole ka kai shekara 18, rubutun ya zama naka. Idan kuɗinka ya kai dala 10, za a aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, don haka ka ba da adireshin da wasiƙa za ta iya isa, ko shagon da aka sani a bakin titi, ko akwatin gidan waya, ba lungun da ba lambar gida ba. Sunanka kuma ya yi daidai da na katin shaidarka da na banki. Ba a biya sai kuɗin ya cika dala 100, ana kuma turawa tsakanin 21 da 26 ga wata.

Ga inda gizo ke saƙar: Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa. Akwai Turanci, akwai Faransanci, akwai Larabci, babu Hausa, kuma ƙa'idarsu ta hana sa talla a shafin da akasarin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerin aka yi shi. Na san dabarar da wasu ke yi. Su cika shafi da Turanci, a amince da su, sannan su juya zuwa Hausa, ko kuma su sayi asusun da aka riga aka amince da shi a hannun wani. Ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Ranar da aka gano, asusun zai rufe da kuɗinka a ciki, kuma ba ka da ofishin da za ka je ka yi bayani. Haka wanda ke danna tallan shafinsa da kansa, ko ya roƙi abokai a zauren WhatsApp su danna masa. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa asusu.

Wanda ke rubutu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram, ko da Larabci a Chadi da Sudan, ko da Turanci a nan gida, ƙofa a buɗe take gare shi. Sai dai ya yi lissafi tukuna. Mai talla ya fi biya a kan mai karatun Amurka ko Ingila fiye da na Kano ko Yamai. A ce dala ɗaya kake samu a duk buɗe shafi sau 1,000. Kafin ka ga dala 100 ɗin nan sai an buɗe shafinka sau 100,000. Sabon shafi na iya daɗewa bai kai nan ba.

Akwai wasu kamfanonin talla da ba ruwansu da harshe, yau ka nema gobe su ba ka. Kafin ka yi murna, ka buɗe shafin wani da ke amfani da su ka gani da idonka. Dattijo ya shigo neman jadawalin rigakafin kaji, ɗansa na gefe yana riƙe masa waya, sai hoton mace rabin tsirara ko tallan caca ya tsallo ya rufe rubutun. Wannan dattijon ba zai dawo ba, ba kuma zai tura wa kowa shafinka ba. 'Yan canjin da aka ba ka ba za su sayo maka shi ba.

To ina kuɗin yake? Yana hannun mutanen da ke sayar wa masu karatunka kaya. Saboda haka aikin farko shi ne ka tsaya a kan fanni ɗaya. Kada ka ce za ka kwafo labaran BBC Hausa da Aminiya ka zuba. Haƙƙin mallakarsu ne, kuma wanda ke son labarinsu ya san hanyar gidansu. Ka ɗauki abin da ka sani da hannunka: kiwo, farashin hatsi a Dawanau, gyaran waya, girke-girke, ɗinki, bayanin JAMB da tallafin karatu. Ka tambayi kanka, waɗanda za su karanta wannan, me suke saye, wa ke sayar musu? Idan amsa ta zo maka nan take, fannin zai ciyar da kai. Ni masu karatuna suna sayen 'yan tsaki, abinci, magani, mazubin ruwa da buhunan ɓuntun shimfiɗa, kuma kowane ɗaya akwai mai sayar da shi.

Batun gina shafin ba ya buƙatar dogon zance. Blogger, dandalin buɗe shafi na Google, kyauta ne, ya ishi mai farawa. WordPress, wata manhajar gina shafi, ya fi ba ka iko, amma sai ka biya mazauni. Ka sayi adireshin intanet naka na kanka, wato sunan da ake bugawa a shiga shafinka. Mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira ake biyansa duk shekara, abin da ya ƙara muhimmanci tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya yi tsada. Ka rage nauyin hotuna, domin mai karatunka a waya yake, datarsa kuma a ƙirge take. Ka haɗa shafin da Google Analytics, mai nuna yawan masu karatunka da inda suke, tun ranar farko, shi ma kyauta ne, kuma shi ne shaidarka a gaban ɗan kasuwa.

Idan rubuce-rubucenka sun taru, mutane sun fara aiko tambaya, sai ka tashi ka je kasuwa da ƙafarka. Ka sami mai sayar da abincin kaji a lokacin da ba cunkoso, ku gaisa sosai, sannan ka ciro waya ka nuna masa garuruwan da ake karanta ka: ga Kano, ga Zariya, ga Gusau, ga Jos. Kada ka cika shi da alƙaluma. Shi abu ɗaya ya dame shi, wayarsa za ta yi ƙara ko ba za ta yi ba? Sai ka ce, "Alhaji, ba ni mako biyu kyauta, in ba ka ga komai ba shi ke nan." Ka sa hoton shagonsa da maɓallin da zai kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗinsa, da saƙon da aka riga aka rubuta cewa a shafinka aka ga tallan. Wannan saƙon shi ne komai, domin duk wanda ya shigo, Alhaji ya san ta hannunka ya zo. Bayan mako biyu ba kai za ka roƙe shi ba, shi zai tambaye ka nawa ne wata.

Ka yanka farashi na wata-wata, a biya kafin a sa. Ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: inda tallan zai zauna, ranar farawa, ranar ƙarewa, da kuɗin. Sanayya ba ta hana rubutu, rubutun ne ma ke tsare sanayyar. Ka kuma san lokacin kasuwarka. Buroila kan kai sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, don haka dillalan 'yan tsaki sun fi neman talla wata biyu kafin Sallah ko Kirsimeti, ba ana jibi biki ba. Mai shafin ɗinki ya san azumi ne kakarsa, mai shafin karatu ya san lokacin rajistar jarrabawa. A irin wannan lokaci ake ɗaga farashi.

Wasu za su ce ka rubuta musu cikakken bayani a kan kayansu su biya. Ba laifi, amma ka rubuta "Talla" a samansa ƙarara, kada mai karatu ya ɗauka ra'ayinka ne. Kuma akwai kuɗin da ba a karɓa. Duk maganin da ba shi da lambar NAFDAC, na mutum ne ko na dabba, ban sa shi. Duk wanda ya ce a zuba dubu goma a kwashi ashirin a wata, ban sa shi, ko nawa zai bayar. Mun ga abin da MMM ta yi wa mutane a Disambar 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba. Idan kamfani ne babba, ka tambaye shi ko hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya ta tantance tallan, domin dokar 2022 da ta kafa ta ta shafi tallan intanet ma. Wanda ya yi asara ta dalilin shafinka ba kamfanin zai tuna ba, sunanka zai tuna.

Hanya ta gaba ita ce la'ada. Amazon ta fara irin wannan tsari tun 1996, Jumia da Konga ma sun fito da nasu: ka sa mahaɗi na musamman (wato link), wanda ya bi ta nan ya yi sayayya a ba ka kamasho. Ga mai shafin wayoyi da kayan lantarki yana iya yin amfani. Amma mutanenmu sun fi son su ji murya, su yi ciniki, su san wanda za su kama in abu ya ɓaci. Don haka dillancin gida ya fi tafiya. Ni nakan yi magana da dillalin 'yan tsaki, a kan kowane kwali mai guda 50 da aka saya ta hannuna ina da la'adata. Sharaɗina shi ne sai na ga kayansa, na kuma ji daga waɗanda suka taɓa saye. 'Yan tsakin da suka sha doguwar tafiya daga Ibadan cikin zafi, idan suka fara mutuwa a kwana na uku, ni za a kira, ba shi ba.

Abin da ya fi duka albarka a wurina shi ne sayar da abin da na sani. Tambayoyin da ake maimaita mini su na tattara na yi ɗan littafi na waya: yadda ake shirya ɗaki kafin 'yan tsaki su iso, zafin da suke buƙata a makon farko, lokacin rigakafin Gumboro da na Lasota, yadda ake ajiye rigakafi a sanyi, da lissafin abinci daga farko har sayarwa. Na kai wa likitan dabbobi ya duba kafin in fitar, domin kuskure ɗaya a jadawalin rigakafi jarin wani ne zai tafi. Za ka iya sayarwa ta shafukan karɓar kuɗi irin su Selar ko Paystack, su karɓi kuɗi su miƙa littafin ko kana barci. Ko kuma ka bi hanyar da marubutan littattafan Hausa, musamman mata, suka daɗe da buɗewa: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi a sa shi a zaure. In ta tura kuɗi ne zuwa banki ko Opay ko Moniepoint, kada ka yarda da hoton rasit, ka buɗe asusunka ka ga shigar kuɗin da idonka.

Littafin waya ba ya tsaruwa. Mutum ɗaya zai saya, ya tura wa zaure guda. Kada ka ɓata ranka da wannan, ka sa sunan shafinka da lambarka a ƙasan kowane shafi, duk inda ya shiga ya yi maka shela. Abin da ba a iya turawa shi ne kai kanka. Shi ya sa aji ya fi littafi kawo kuɗi: zauren WhatsApp ko Telegram na mako shida, daidai da rayuwar buroila, kowa ya sa nasa kajin, kullum ana turo hoto ana tambaya. Ka riƙa amsawa da saƙon murya, domin da yawa cikin masu kiwo, musamman matan aure da ke yi a cikin gida, sun fi sakewa da sauraro fiye da karatu. Wadda ta turo hoton kashin kaji da jini-jini da sassafe, ta sami wanda ya ce mata wannan alamar ba ta jira, ta nemi likitan dabbobi yau, ba ta ƙara tambayar me ya sa ake biyan kuɗin aji. Daga ajin nan ne kuma ake samun masu cewa ka zo ka duba musu gona, wannan ma da kuɗinsa.

Kada ka jingina duka da Facebook. Wuri ne mai kyau na jawo mutane, amma gidan aro ne. A Afrilun 2023 kamfanin ya rufe Instant Articles, tsarin da ke buɗe rubutu da tallansa a cikin Facebook, wanda wasu masu shafuka suka dogara da shi, kuma kullum yana iya rage yawan waɗanda ke ganin abin da ka sa. Ka buɗe tashar WhatsApp, ka roƙi masu karatu su shiga, yadda duk sabon rubutu zai same su kai tsaye.

Idan kuɗi ya fara shigowa, ka ware masa asusu dabam da na cefane, ka riƙa rubuta shiga da fita. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin manyan kamfanoni ba sa son tura kuɗin talla asusun mutum, za su nemi takardar neman biya mai sunan kasuwanci. Daga kuɗin farko ka cire na sabunta adireshi da mazauni ka ajiye gefe, ka kuma sa ranar ƙarewarsu a kalandar wayarka da tunatarwa tun saura wata guda. Idan adireshi ya ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan wa'adi kowa na iya saye shi, duk mahaɗan da aka yi shekaru ana turawa a zauruka su koma kai mutane wurin wani.