Masu niyyar zuwa garuruwan Hopi, ga 'yar shawara

Salam 'yan uwa, masu zama Amurka da ke shirin leƙa yankin Hopi a arewa maso gabashin Arizona, don Allah kar ku tafi ba ɗan jagora ɗan ƙabilar. Ƙauyukansu 12 ne, yawancinsu a kan tsaunuka uku masu shimfiɗaɗɗen kai, titin 264 ne ya ratsa su, kuma ƙauyen Walpi ba ma a barin baƙo ya shiga shi kaɗai sai da jagora.

Abu na biyu, waya ta zauna a aljihu. Ba hoto, ba bidiyo, ba ɗaukar murya, kai ko zane a takarda ba a yarda ba, kuma fa ba wasa suke ba saboda gidajen mutane ne ake zaune a ciki, ƙauyen Oraibi ma tun wajen shekarar 1100 ake zaune a cikinsa. In ka ga tsani ya leƙo daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, kiva kenan wurin ibadarsu, kar ma ka matsa. Fasassun tukwane da za ka gani a ƙasa ka bar su inda suke.

Ku riƙe kuɗi a hannu don sayen piki, wani burodin shuɗiyar masara ne siriri kamar takarda, da 'yan sassaƙensu da suke kira katsina (Katsinawa ku kwantar da hankali, suna ne kawai ya zo ɗaya).

Sai agogo, lokacin bazara 'yan ƙabilar Nabaho da suka kewaye su suna ƙara awa 1, Hopi ba sa ƙarawa, to ku tambayi jagoran da wanne ya sa muku lokaci.