Babi na 6: Haɗa Fitila da Batirin Sigarin Lantarki

Darasi na 1: Sanin abin da muke nema

Duk wanda ke bin hanyar Samaru, ko bayan shagunan PZ da Sabon Gari, ya sha ganin wasu ƙananan robobi masu launi a cikin shara. Wasu kamar biro mai kauri suke, wasu kamar kwalin ashana. Sunansu sigarin lantarki, samari kuma suna ce musu shisha-fen. Ana zuƙa har ruwan da ke ciki ya ƙare, sai a yar.

Ku ji ni da kyau tun daga farko. Ba na koya wa kowa shan wannan abu. Ruwan cikinsa yana da nikotin, gubar nan da ke cikin taba mai kama mutum ta ƙi sakinsa. Mu batirin da ke ciki muke so. Irin batirin wayar hannu ne, ana kiransa litiyam, kuma ana iya yi masa caji sau ɗaruruwa. Ruwan ne ke ƙarewa, shi kuwa batirin sau da yawa da sauran ransa ake jefar da shi. A Birtaniya an ƙiyasta a shekarar 2023 cewa ana yar da kusan miliyan 5 duk mako, har gwamnatinsu ta hana sayar da irin na sha-ka-yar ɗin daga 1 ga Yuni 2025. Nan Zariya ba su kai haka yawa ba, amma ga su nan, yara na tsinta suna wasa da su, idan aka ƙona bola kuma su fashe. Mu za mu mai da su fitilar karatu, don ranar da aka ɗauke wuta kada a ajiye littafi.

Ka buɗe littafin rubutunka. Rubuta waɗannan kalmomi, kowace sau biyar: batir, waya, ja, baƙi, salatif. Idan hannunka ya yi nauyi, ka huta ka sake. Babu mai yi maka dariya, dukanmu da haka muka fara.

Yanzu dubi waɗannan alamu biyu: + da −. Kun san su a darasin lissafi, alamar tarawa da alamar ɗebewa. A jikin batir ma za ka gan su. Jar waya tana wajen +. Baƙar waya tana wajen −. Faɗa da baki sau uku: ja tarawa, baƙi ɗebewa.

Darasi na 2: Buɗewa da yanke waya

Wannan darasi ya fi duk sauran tsawo, kuma da gangan na tsawaita shi. A nan ne na ga hannaye sun fi yin kuskure.

Ka tanadi filaya, ƙaramin almakashi, baƙin salatif irin na masu aikin wuta, safar hannu ta roba, da tsohon gwangwani mai yashi a ciki. Wanda bai samu safar hannu ba ya sa hannunsa cikin leda. Ka zauna a tsakar gida ko a zaure inda iska ke shiga, a kan siminti ko ƙasa. Kada ka zauna kan tabarma ko kusa da katifa. Ka kori yara tukuna. Ka cire zobe da agogon ƙarfe.

Kama murfin gindin sigarin da filaya, ka ja a hankali. Zai fito da wayoyi a manne. Ci gaba da ja sannu sannu har kayan ciki su zamo waje. Kada ka soka wuƙa ko ƙusa don ka zaƙulo batirin. Fatarsa siririya ce kamar takardar alawa, idan ta huje zai iya kamawa da wuta. In ya ƙi fitowa, ka bar shi ka ɗauki wani.

Za ka ga abu biyu manya. Na ɗaya soso ne ko auduga mai danshi, mai ƙamshin mangwaro ko kankana. Nan gubar take, kuma tana ratsa fata. Ƙamshin ne ke jan yaro ya kai baki. Ƙulle shi a leda, ka ajiye inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Na biyu shi ne batirin, mai launin azurfa, tsawonsa kamar gaɓa biyu na yatsa, da wayoyi a jikinsa.

To, ga wurin. Ku ajiye komai ku saurara.

Jar waya da baƙar waya ba sa haɗuwa. Idan ƙarfen da ke cikinsu ya taɓa juna, duk ƙarfin batirin zai fito lokaci ɗaya. Wayar ta yi zafi, batirin ya kumbura, hayaƙi ya tashi, wani lokaci har da wuta. Almakashi ƙarfe ne. Idan ka yanke wayoyin biyu tare, almakashin da kansa ya haɗa su ke nan. Saboda haka ga yadda ake yi:

Yanke waya ɗaya. Naɗe bakinta da salatif. Sannan ka yanke ɗayar, ita ma ka naɗe.

Sake karantawa, ka bi kalmomin da yatsa. Yanke waya ɗaya. Naɗe bakinta da salatif. Sannan ɗayar.

Ka yanko guntayen salatif biyu tun kafin ka taɓa almakashi, ka liƙa su a gefen gwangwani suna jiranka. Na lura da yawanku sai kun yanke waya sannan ku fara laluben bakin salatif, batir na lilo a hannu, wayoyi na kaɗawa. A wannan laluben ne suke taɓa juna. Salatif tukuna, almakashi daga baya. Kuma ka yanke nesa da batirin, ka bar wa wayar tsawo, domin za mu buƙace ta a darasi na 4.

Wani dattijo a ajinmu na Tudun Wada, tela ne, shekara da shekaru yana riƙe da almakashi. Hannunsa ya saba da yanka ɗaya tak. Sau biyu yana kai almakashi kan wayoyin biyu ina riƙe masa hannu. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, a nan ɗaya bayan ɗaya ake yi." Ya yi murmushi, ya koma gida ya gwada da zare ja da baƙi har hannun ya karɓa. Mako na gaba shi ke gyara wa na kusa da shi. Kai ma ka yi haka. Samo zare ja da baƙi, ka ɗaura su a guntun kara, ka gwada sau goma kafin ka taɓa batir na gaske. Waya ɗaya. Salatif. Sannan ɗayar.

Cike gurbi a littafinka: Yanke waya ______. Naɗe bakinta da ______. Sannan ______.

Idan ka gama, wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro ko abinci, ko da ka sa safar hannu.

Darasi na 3: Wane batir ne mai kyau?

Kafin mu shiga, ina da magana, kuma ban ji daɗin faɗarta ba. Makon jiya mutum biyu sun yanke wayoyi tare, bayan duk abin da muka maimaita. Ɗaya ya ƙone a babban yatsa. Wani kuma ya zo aji da batir huɗu a aljihun riga, babu salatif, tare da makullan babur da tsabar kuɗi. Haba jama'a! Makulli ƙarfe ne, kwabo ƙarfe ne. Da sun haɗa wayoyin nan a ƙirjinsa fa, yana kan babur a Kwangila? Ku manya ne, wasunku sun haife ni, ba na son ɗaga murya. Amma wanda ya ga ba zai iya bin wannan ƙa'ida ba, ya bar wannan babi ya jira mu a na gaba. Waya ɗaya, salatif, sannan ɗayar. Batir kuma ba ya shiga aljihu.

To, mu ci gaba. Ido ne ke fara tantancewa. Batirin da ya kumbura kamar ƙosai, ko ya loƙe, ko ya huje, ko yake wari, ko ya kwana cikin ruwan kwata ya yi tsatsa, ba namu ba ne. Naɗe wayoyinsa, ka binne shi cikin gwangwanin yashi. Kada ka ce hasara ce. Wanda ya yi sumul, shi za mu auna.

Abin awon sunansa mita. Masu gyaran rediyo da waya duk suna da ita, ana kuma sayarwa a wajen masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari. Aji guda na iya haɗa kuɗi a sayi ɗaya. A tsakiyarta akwai abin murɗawa. Nemi harafin V wanda ke da miƙaƙƙen layi a kusa da shi. Akwai wani V mai lanƙwasasshen layi, wannan na wutar gida ne, ka ƙyale shi. Murɗa zuwa lamba 20 a ɓangaren mai miƙaƙƙen layi.

Raba wayoyin batirin nesa da juna kamar ƙahon sa, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai bayan ka raba su za ka ɗan buɗe salatif. Ɗora jan tsinken mita a kan jar waya, baƙin tsinke a kan baƙa. Dubi lambar da ta fito.

Akwai ɗigo a tsakanin lambobin, kuma ɗigon nan yana da aiki. Idan ka ga 3.70, ana karantawa uku da ɗigo bakwai. Ba talatin da bakwai ba ne, ba kuma ɗari uku da saba'in ba. Lambar da ke gaban ɗigo, ta hannun hagu, ita ce babba. Cikakken batir yana nuna 4.2. Daga 3.0 zuwa 4.2 muna karɓa. Wanda ya gaza 3.0 sai gwangwanin yashi. Idan ka ga alamar − a gaban lambar, ka juya tsinkayen ne kawai, babu abin da ya lalace, ka musanya su.

Karanta waɗannan da ƙarfi, ka faɗi wanne za a karɓa: 3.85, 1.20, 4.10, 0.00, 3.32.

Ka gama awo? Mai da salatif. Waya ɗaya tukuna, sannan ɗayar.

A jikin batirin kuma za ka ga wata lamba da haruffa mAh a bayanta. Wannan girman tulunsa ne. Ƙananan sukan kai wajen 500, batirin wayar zamani kuwa yakan kai 5000. Don haka masu tambayata ko guda ɗaya zai cika musu waya, ba zai cika ba. Ƙaramar fitila dai zai riƙe ta wasu awoyi.

Darasi na 4: Haɗa fitilar

Kana buƙatar tsohuwar tocila mai caji wadda batirinta ya mutu amma ƙwayayenta na haske. Kana kuma buƙatar ƙaramin faifan caji, girmansa kamar ɗan yatsa, mai ramin cajar waya. Rubuta sunansa a takarda ka kai wa mai shago: TP4056. Ka ce mai kariya kake so, wanda ke da wuraren liƙa waya masu rubutu B+, B−, OUT+ da OUT−.

Jar wayar batir tana zuwa B+. Baƙa tana zuwa B−. Wayoyin tocilar suna zuwa OUT+ da OUT−, ɗaya daga ciki ta bi ta makunni. Liƙin da dalma ake yi, da ƙarfen liƙi mai zafi. Wanda bai taɓa riƙe shi ba ya kai wa mai gyaran rediyo, ya zauna ya kalla. Ka roƙe shi abu biyu: ya rage wa faifan ƙarfin caji, domin yadda ake sayar da shi ya yi wa ƙaramin batir yawa, ya kuma duba ko ƙwayayen suna da rizisto, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga musu, don kada su ƙone. A bakin waya ake liƙi, zafin ƙarfen kada ya taɓa jikin batir.

A nan ma dokar ba ta canja ba. Buɗe salatif na waya ɗaya, a liƙa ta, sannan a buɗe na ɗayar.

A cire tsohuwar hanyar cajin tocilar gaba ɗaya, wadda ake sokawa a bango. Ba ta dace da wannan batir ba.

Darasi na 5: Caji da ajiya

Soka cajar waya a faifan. Jar wuta na nufin yana caji. Idan ta koma shuɗiya ko koriya, ya cika, ka zare. Ka yi caji da rana kana kusa, a kan siminti. Kada ka soka ka kwanta barci. Taɓa shi lokaci lokaci, in ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, zare shi ka kai waje. Da bazara kada ka bar fitilar a rana ko a kan kwanon rufi.

Matattun da ke cikin gwangwanin yashi kada su shiga bolar da ake ƙonawa, kada kuma a ba yara masu jari bola su fasa.

Darasi na 6: Sauran kayan

Bututun wasu sigarin na alminiyam ne. A wanke da sabulu, a tara, masu sayen ƙarfe na karɓa. Ba a zuba abin ci ko magani a ciki.

Aikin gida: kowa ya zo ranar Asabar da fitilarsa, da jimlar yanke waya ta darasi na 2 a rubuce sau goma.