Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallon Bukukuwan Farkon Kaka, Daga Ingal Zuwa Dutsen Dala

Da zarar watan Satumba ya kama, ruwa ya fara ja da baya, gero ya nuna har yara sun soma gasa tumu a bakin gona, to an shiga lokacin da ya fi kowanne daɗin fita kallon al'ada a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Daji yana nan kore shar, dabbobi sun ƙoshi, manomi kuma ya fara samun sararin ɗaga kai daga fartanya. Sai dai mutane da yawa sukan yi asarar kuɗin mota a wannan lokaci, domin sun ɗauka cewa kowane biki yana da rana tsayayya a kalandar bango, alhali bukukuwan farkon kaka iri biyu ne, kuma kowane iri da abin da yake bi. Akwai masu bin ruwan sama da ciyawa, akwai kuma masu bin tsayuwar wata. Wanda zai yi tafiya ya fara rarrabe wannan tukuna, kafin ya yi maganar guzuri.

Babban biki a cikin masu bin ruwa shi ne taron makiyaya na garin Ingal da ke jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, wanda hukuma take kira Cure Salée da Faransanci, ma'ana kai dabbobi lasar gishiri domin lafiyarsu. Sanin asalinsa zai taimaka maka wajen tsara tafiya. Idan damina ta sauka, gonaki suka rufe ƙasar kudu, makiyaya sukan kora dukiyarsu zuwa arewa don kada shanu su shiga shukar mutane, kuma filayen da ke kewaye da Ingal suna da ƙasa da ruwa masu gishiri waɗanda dabba take buƙata bayan wahalar rani. A arewa da garin akwai Tigidan Tesum, inda ake tace gishiri daga ƙasa a ƙananan ramuka ana shanya shi domin dabbobi. Idan damina ta zo ƙarshe, kafin kowa ya juya kudu cin karan gona da harawa, sai Abzinawa da Fulani da Larabawa makiyaya su haɗu, a ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta rigingimun rijiya da wurin kiwo, a sayar da dabba a sayi hatsi. Daga baya ne gwamnati ta ɗora nata taron na kwana uku a kai, inda manyan jami'ai suke jawabi, a yi wa dabbobi allurar rigakafi, a kuma duba lafiyar jama'a.

Abin da wannan yake nufi ga matafiyi shi ne ranar taron hukuma takan faɗo ne a tsakiya ko ƙarshen Satumba, kuma ba a cika sanar da ita da wuri ba. An sha ɗaga ta saboda yanayin damina ko na tsaro. Don haka kada ka biya kuɗin mota ko na masauki sai ka ji sanarwa daga gidajen rediyon Nijar ko sassan Hausa na rediyoyin ƙasashen waje, sannan ka tabbatar da ita daga bakin wani mazaunin Agadas ko Tawa. Ka kuma ware kwana biyu ko uku na rara a lissafinka, domin a ƙarshen damina ruwa ɗaya yana iya cika ƙorama ya tsayar da motoci yini guda.

Hanyoyi biyu ne aka fi bi daga Nijeriya. Mai tasowa daga Sakkwato zai bi ta Illela ya ƙetara zuwa Birnin Ƙonni, daga nan Tawa, sai Abalak, sannan ya ratse zuwa Ingal kafin a kai Agadas. Mai tasowa daga Kano kuwa zai iya bi ta Daura ya shiga Damagaram, ya miƙe arewa ta Tanut zuwa Agadas, wanda tafiya ce ta fiye da kilomita 400 daga Damagaram, sannan ya juyo yamma fiye da kilomita 100 zuwa Ingal. A ganina hanyar Tawa ta fi dacewa da wanda Ingal ce kawai a gabansa, amma wanda yake son ya ga fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni, ya kuma kwana a Agadas, hanya ta biyu ce tasa. Ko wacce ka zaɓa, ka yi tafiyarka da rana a manyan motocin safa na kamfanoni da suka saba bin hanyar, kada ka ratsa daji da motarka kai kaɗai, kuma ka tambayi halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi, ba labarin watan jiya ba. Idan mutanen wurin suka ce maka bana ba shekarar zuwa ba ce, ka karɓi shawararsu, domin bikin yana nan baɗi.

Game da takardu, ka riƙe fasfo ko takardar tafiya mai aiki, da katin shaidar ɗan ƙasa, da katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka ka je ofishin shige da fice ka tambayi abin da ake nema a iyaka a halin yanzu. Kuɗi kuwa ka canza su zuwa sefa tun a bakin iyaka ko a babban gari, kuma ka nemi ƙananan takardu, don ba a samun canji a sansanin makiyaya. A nan akwai abin da yake rikita baƙo daga Nijeriya: a kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce maka dala 20, sefa 100 yake nufi, idan kuma aka ce jika guda, sefa 1,000 ke nan. Ka riƙe wannan lissafi a ka tun kafin ka fara ciniki.

Ingal ƙaramin gari ne mai gonakin dabino, masaukinsa kaɗan ne, kuma a kwanakin biki yakan cika ya batse. Mafi yawan baƙi a tanti ko a tabarma suke kwana, don haka ka tafi da tabarmarka, da gidan sauro, da bargo mara nauyi, da tocila, da na'urar cajin waya ta tafi-da-gidanka. Batun sauro ba na wasa ba ne, domin ƙarshen damina shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane. Ka riƙe ruwan sha mai tsabta da yawa, da rawani ko mayafi saboda rana da ƙura. Ka kuma saya ganyen shayi da sukari tun daga gari, domin su ne tsarabar da ta fi daraja idan ka sauka a wurin makiyayi.

Idan ka isa, kada ka ƙare kwanakinka a gaban rumfar manyan baƙi. Jawabai da faretin da ake yi a can suna da kyau, amma ainihin abin kallon yana gefen gari, da yamma idan rana ta yi sanyi. A nan ne matan Abzinawa suke zama da'ira suna kaɗa tende, wato turmi da aka rufe bakinsa da fata, suna waƙa suna tafi, maza kuma sanye da rawani mai baƙin shuni suna zagaya su a kan fararen raƙuma da aka yi wa ado da sirdi da kayan fata masu tuntu, raƙumin yana taka ƙasa daidai da kiɗan. Akwai kuma tseren raƙuma, wanda ya kamata ka kama wuri da wuri idan kana son ganin ƙarshensa.

Sai kuma Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa suka saba kira Bararo, ko da yake ya fi kyau ka kira su da sunan da suke kiran kansu. Samarinsu sukan shafe sa'o'i suna kwalliya, su shafa wa fuska jar ƙasa ko rawaya, su ja farin layi a kan karan hanci, su baƙanta leɓe da kwalli domin haƙora su fito fari fat, su kafa gashin jimina a ka. Daga nan sai su jeru kafaɗa da kafaɗa suna ɗagawa a kan yatsun ƙafa, suna zare ido, suna waƙa da murya ɗaya mai tsawo da ba ta yankewa. Wannan rawa ita ce yaake, kuma ita ce baƙi suka fi gani a Ingal. Gerewol na ainihi, wanda zuriya biyu suke haɗuwa su yi kwana bakwai, 'yan mata kuma su zaɓi saurayin da ya fi kyau da juriya, ba a filin hukuma ake yin sa ba. Dattawa ne suke tsayar da wurinsa a daji gwargwadon inda ruwa da ciyawa suka wadata, sau da yawa a yankin Abalak ko kewayen Ingal, kuma ba a zuwa sai da ɗan jagora da suka sani. Irin wannan taro ana yin sa a ƙasar Chadi ma, a yankin Durbali, kusan a lokaci guda, ga wanda yake zaune a Njamena ko arewacin Kamaru.

Ladabin zama da mutanen nan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Bikin nasu ne, a nan suke neman aure, a nan suke ganin 'yan uwan da suka shekara ba su gani ba. Ka fara da gaida dattijon sansani, ka zauna inda aka nuna maka, ka sha shayin da aka ba ka har zagaye na uku. Kada ka ɗauki hoton mace ko na mai rawa ba tare da neman izini ba, kada ka ratsa tsakanin layin masu rawa da 'yan matan da suke kallo, kuma kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa, domin tambaya ce da ba a yi. Da Hausa za ka iya magana da kusan kowa a kasuwar Ingal da Agadas, wannan kuwa gata ne da baƙon da ya zo daga Turai ba shi da shi. Idan za ka sayi tsaraba, ka saya kai tsaye daga hannun maƙera da mata masu dukanci da masu cuku, kuɗin ya shiga hannun wanda ya yi aikin.

A kan hanyar dawowa ka ba Agadas yini guda. Hasumiyar babban masallacinta, wadda aka gina da laka a wajen 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, tana da tsawon mita 27, ga fadar Sarkin Abzin a kusa da ita, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Bukukuwa masu bin wata kuwa lissafinsu daban ne, domin suna rataye ne da watan Rabi'ul Awwal. A Daura ana Sallar Gani a lokacin Maulidi, inda Sarki yake hawa da hakimansa, baƙo kuma ya samu damar ziyartar rijiyar Kusugu. A Kano, mako guda bayan 12 ga wata, wato ranar sunan Annabi, ake Takutaha, jama'a su yi ɗango zuwa Dutsen Dala su hau. A wannan wata ne kuma Dagomba suke bikin Damba a Yendi da Tamale a arewacin Ghana, abin da Hausawan zango suka sani sarai, ana kuma Gani a Nikki ta ƙasar Benin. Abin lura shi ne shekarar wata tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka Maulidi ya faɗo a tsakiyar Satumba a 2024, a makon farko na Satumba a 2025, a 2026 kuma ƙarshen Agusta, daga nan ya ci gaba da nutsawa cikin damina. Wanda ya ga hoton Takutaha an rubuta Satumba a ƙasansa kada ya ɗauka kullum haka ne. Ya ƙirga daga ranar da aka sanar da ganin wata. Idan za ka hau Dala, ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi jama'a su yi yawa, ka riƙe hannun yara a kan matakala, ka kuma bar abin da ba ka buƙata a gida saboda cunkoso.

Wanda ba shi da halin doguwar tafiya ma yana da abin kallo kusa da gida. Da an fara yankan gero, 'yan dambe da 'yan kokawa suke fara zagaya garuruwa da makaɗansu, kuma ba a buga sanarwar wannan a jarida. Hanyar sani ita ce ka je kasuwar ƙauye ranar da take ci, ka tambayi mahauta, domin dambe tun asali wasansu ne, su ne za su gaya maka garin da za a kafa fili da ranar da za a fara. Kalankuwa takan biyo baya, sai an gama kai amfanin gona gida, saboda haka idan ka je kallon dambe a Oktoba ka tambayi Sarkin Samarin garin ranar da suka tsayar, ka karɓi lambar wayarsa, ka kira shi mako guda kafin ranar don ka tabbatar ba a ɗaga ba.