Darasi na 7: Littafin Ciki

Da yawanku a ajinmu na unguwar Aboabo kuna kukan ciki: kumburi bayan an ci abinci, ƙugi, iska, yau gudawa, gobe bayan gida ya yi tauri. Idan ciwon yana dawowa ko sau ɗaya a mako har wata 3, kuma yana da alaƙa da zagawa, yana iya zama rikicewar hanji. Wani lokaci kuma bakteriya ne suka yi yawa a ƙaramin hanji, suna rigan jiki cin abincin, suna tara iska. Likita ne zai bambance, amma sai kun kai masa bayani a rubuce.

Ku samo littafi da biro. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Gida na farko lokaci, na biyu abin da kuka ci, na uku yadda ciki ya yi. Misali: ƙarfe 1, wake da shinkafa da shito (miyar barkono), ciki ya kumbura ƙarfe 3.

A nan ne kuke tuntuɓe. Kuna wanke hannu bayan cin abinci, ku ɗauki biro. Kada ku bari sai bayan isha'i, domin mutum ba ya tuna albasar da ya ci da rana. Hajiya, ko rubutunki bai miƙe ba, rubuta, zai miƙe a hankali. Ko koko ne da ƙosai, ana gamawa a rubuta. Ko ƙulli-ƙuli guda ne a bakin titi, a rubuta a take. Makon jiya na duba littattafai, na ga an cike kwana huɗu a zama ɗaya, har tawada ba ta bushe ba. Haba 'yan'uwa! Wa kuke ruɗa? Na sake faɗa: wanke hannu, sai biro.

Darasi na 8: Bayan mako 2, ku cire abinci ɗaya tak da kuke zargi, kamar madara, wake ko tafarnuwa. Ku ci gaba da rubutu. Masu zuwa kemis sayen Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba takardar likita, ku daina.

Darasi na 9: Jini a bayan gida, rama ba dalili, ko gudawar da ke tashin mutum daga barci, kada a jira littafi. A ɗauki katin inshorar lafiya a tafi asibiti. Idan ta kama, za a tura ku babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.