Yadda iyali za su shirya wa tattakin amalanke na matasan Mormon

A lokacin zafi a Amurka, rassan Cocin Yesu Kiristi na Waliyyan Ƙarshen Zamani, wato mabiyan da aka fi sani da Mormon, sukan fitar da matasa daji su ja amalanke na kwana 3 ko 4. Abin da ake tunawa shi ne ƙaurar da aka yi daga 1856 zuwa 1860, inda ayari 10, kusan mutum 3,000, suka ja kayansu da hannu zuwa birnin Salt Lake City da ke jihar Utah ta yanzu. Biyu daga cikinsu, ayarin Willie da na Martin, da ake kira da sunan jagororinsu, sun makara wajen tashi a 1856, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a yankin da yanzu yake jihar Wayomin cikin Oktoba, mutum sama da 200 suka rasu.

Abu na farko da iyaye za su sani: da wuya a bar ku tare da 'ya'yanku. Masu shiryawa sukan raba matasa, galibi 'yan shekara 14 zuwa 18, su haɗa kamar 8 zuwa 10 a kan amalanke ɗaya, su damƙa su ga wasu ma'aurata da ake kira Ma da Pa. To idan kuna son shiga, ku sanar da shugabannin reshenku tun da watanni, ko a ba ku riƙon rukuni, ko ku shiga masu girki, masu kai ruwa ko masu jinya. Wanda ke da ƙananan yara kuma, gara ya kai su wurin tarihi na Martin's Cove a jihar Wayomin, inda baƙi kan ja amalanke na ɗan gajeren zango. Takardar amincewar iyaye da ta bayanin lafiya a cike su tsakani da gaskiya. Ɓoye asma ko ciwon suga don kada a hana yaro tafiya jefa shi ne cikin haɗari.

Ƙafa ita ce jarin tafiyar. A fara atisaye aƙalla mako 6 kafin ranar, daga mil 2 sau uku a mako, a riƙa ƙarawa har a iya mil 6 ba tare da galabaita ba, kuma a cikin takalmin da za a tafi da shi. Sabon takalmi shi ya fi komai zaunar da mutane tun ranar farko. A sa safa biyu, siririya ta nailan a ciki, mai kauri ta ulu a waje, don gogayyar ta tsaya tsakanin safa da safa. Safar auduga tana riƙe zufa, fata ta yi laushi, sai bororo. Da zarar an ji wani wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta. In aka jira ya tara ruwa an makara.

Tufafi irin na da ake sawa, amma a zaɓa da hankali. 'Yan mata: siket da ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, da wando mara nauyi a ciki don kada cinya ta saɓule. Siket mai jan ƙasa yana harɗe ƙafa, yana kuma shiga tayar amalanke. Samari: riga mai dogon hannu da wandon da ba ya matsewa, ban da jins, domin yana da zafi kuma in ya jiƙe ba ya bushewa. Kowa da malafa da safar hannu ta aiki.

Kayan kowane mutum sukan shiga bokiti mai murfi na galan 5, kusan lita 19, wanda shi ne kujerarsa a zango. Masu shiryawa da yawa sukan ƙayyade nauyi zuwa fam 17, ƙasa kaɗan da kilo 8, daidai da abin da aka yarje wa babban mutum a 1856. A auna a gida. Rigar ruwa da rigar sanyi dole ne, domin a tudun Wayomin dare kan yi sanyi sosai ko da rana ta gasa.

Wajen lodi, jarkokin ruwa da tukwanen ƙarfe su zauna daidai saman ƙarfen da tayoyin ke juyawa a kai. In nauyi ya yi gaba, masu riƙe da sandar jan amalanken za su ɗauke shi a hannu yini guda. In ya yi baya, sandar za ta yi sama da su. A rufe da tamfol a ɗaure tam. Amalanke ba shi da birki, saboda haka a hawa igiya tana gaba, a gangare kuma a mayar da ita baya mutum 3 ko 4 su riƙe suna tirjewa. Kada kowa ya naɗe igiya a hannu, kada a yi gudu, kada a hau. A riƙa musayar masu ja duk bayan minti 15 ko 20.

Zafin rana ne babban abin tsoro. A tsaya shan ruwa a kai a kai ba sai an ji ƙishi ba, a haɗa da abin ci mai gishiri, kuma Ma da Pa su gani da idonsu cewa kowa ya sha. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko fitsari mai duhu alama ce a kai yaro inuwa a jiƙa masa tufafi a kira mai jinya. In ya fara ruɗewa yana surutan da ba su da kan gado, wannan na asibiti ne nan take. Ba a hana matasa abinci ko ruwa da sunan ɗanɗana wahalar magabata. Idan hadari ya taso da tsawa, a sauka daga kan tudu, a nisanci amalanken.

Akwai wani zango da maza ke janyewa gefe su bar mata su ja su kaɗai a kan tudu. A rage lodin tukuna, a shayar da su, mai jinya ya bi su a kusa. Da yamma kuma, kafin a kwanta, kowa ya cire safa a duba ƙafa, a duba jiki ko kaska ta manne.