Yadda Ake Nazarin Wasannin Manyan Gwanayen Ces da Gano Inda Suka Yi Kuskure

Duk wanda ke bin gasar ces ta intanet ya san sandar nan da ke gefen allo, wadda ke hawa da sauka tana nuna wa ke kan gaba. Da zarar ta yi tsalle sai 'yan kallo su ɗauki ihu, wai wane ya tafka kuskure. Amma ka tambayi mai ihun me ya sa takun ya zama kuskure, ko me gwanin ya hango da ya sa shi yin sa, sai ka ji shiru. Inji, wato manhajar kwamfuta mai lissafin wasan ces da ke motsa sandar, yana nuna maka inda wasa ya lalace cikin daƙiƙa ɗaya. Dalilin lalacewar kuwa kai za ka tono shi, kuma a wajen tonon ne ake ƙaruwa. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Samo wasan, kuma ka samo shi da agogonsa

Ana adana wasannin ces a fayil mai suna PGN. Za ka same su kyauta a shafukan intanet na Lichess da Chess.com, haka kuma The Week in Chess na fitar da tarin wasannin manyan gasa kowane mako tun 1994. Zaɓi wasa na dogon lokaci daga gasa irin su Tata Steel da ake yi a Wijk aan Zee na ƙasar Holan, ko Sinquefield Cup na St. Louis a Amurka, ko gasar kambun duniya. Wasan gaggawa na minti 3 ba ya biyan wahalar nazari, don rabin kurakuransa na hannu ne ba na tunani ba.

Ka nemi kwafin da ke nuna lokacin da ya rage wa kowane ɗan wasa bayan kowane taku. Za ka ga amfaninsa a gaba.

Idan ba ka saba da rubutun taku ba: K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki, soja kuma ba shi da harafi, sunan gidan da ya je kawai ake rubutawa (kowane gida a allo na da harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8, kamar d4). Harafin x na nufin an ci, + na nufin an tsare sarki, ɗigo uku bayan lamba na nufin takun Baƙi ne. Alamar ? kuskure ce, ?? kuwa kuskuren da ke kashe wasa.

Mataki na 2: Bi wasan sau ɗaya da inji a kashe

Kashe injin, ka rufe sharhin kowa. Bi wasan daga farko zuwa ƙarshe cikin minti 10 ko 15, ba don ka fahimci komai ba, sai don ka ga fasalinsa: wa ya kai hari, ta wane gefe, yaushe aka yi musayar sarauniya, yaya aka ƙare. Idan kana da allo na gaske ka jera a kansa, domin hannu na riƙe abin da ido ke mantawa.

Mataki na 3: Tsallake buɗin wasa da sauri

A matakin giranmasta, wato manyan gwanaye, taku 12 ko 15 na farko, wani lokaci har 20, hadda ce da aka yi a gida tare da masu taimako da kwamfuta. Kada ka ɓata yini a nan. Buɗe rumbun wasannin gwanaye da ke Lichess ka ga inda wasan ya rabu da waɗanda aka taɓa bugawa. Agogo ma zai gaya maka: wanda ya yi taku 14 cikin minti 5 sannan ya zauna minti 25 a kan na 15, to a nan haddarsa ta ƙare, a nan kuma aikinka ya fara.

Mataki na 4: Tsaya a mararraba ka yi tunani da kanka

Wasa mai taku 50 ba ya da muhimman wurare 50. Yawanci uku ne zuwa biyar. Ana gane su ta wajen da ɗan wasa ya daɗe yana tunani, ko inda aka yi musayar da ba ta komawa baya, ko inda soja ya kutsa ya sauya tsarin allo, ko inda wani ya sadaukar da babban ɗa.

A kowane irin wannan wuri, ɓoye takun da ke biye. Zauna a kujerar mai taku. Ka ba kanka minti 10, ka rubuta taku biyu ko uku da kake ganin sun cancanta, da abin da abokin karawa zai mayar, da wanda ka zaɓa a ƙarshe da dalilinka. Rubutun nan wajibi ne. In ba ka rubuta ba, da zarar ka ga amsar zuciyarka za ta ce maka ai dama ka gani, alhali ba ka gani ba.

Gwada da wasan Garry Kasparov da Veselin Topalov na Wijk aan Zee a 1999. A taku na 24 Kasparov ya jefa hasumiyarsa da 24.Rxd4. Tsaya nan ka tambayi kanka: in kai ne Baƙi, za ka ci ko za ka ƙyale? Topalov ya ci da 24...cxd4, aka yi ta korar sarkinsa daga wannan ƙarshen allo zuwa wancan har ya miƙa wuya. Masu nazari sun nuna cewa da ya ƙi cin, ya buga 24...Kb6, da wasansa na nan lafiya. Mutane na tuna wasan saboda bajintar Kasparov, amma mai nazari abin da ya fi masa amfani shi ne shawarar da Topalov ya yanke a taku guda.

Mataki na 5: Yanzu kunna inji, amma ka san yarensa

Stockfish ne mafi yawan mutane ke amfani da shi, kuma kyauta ne. Saita shi ya nuna layi uku maimakon ɗaya, ka ba shi lokaci ya nutsa kafin ka yarda da lambarsa, don hukuncinsa na daƙiƙar farko kan sauya.

Lamba mai + na nufin Fari ke gaba, mai − Baƙi. A sababbin nau'o'in Stockfish an daidaita ma'aunin yadda +1.00 ke nufin kusan rabin damar cin wasa idan inji ne ke karawa da inji. Don haka sauyi daga +0.2 zuwa +0.5 ba abin ɗaga hankali ba ne, kuma sauka daga +7 zuwa +5 ba komai ba ce tunda har yanzu wasan a hannu yake. Abin da za ka nema shi ne takun da ya sauya sakamako: daga nasara zuwa canjaras, ko daga canjaras zuwa faɗuwa.

Layi ukun nan suna gaya maka wani abu da lamba ɗaya ba ta faɗa. Idan taku na farko 0.00 ne, na biyu da na uku kuma −3, to ɗan wasan yana tafiya ne a kan siraɗi, kuskurensa abin uzuri ne. Idan kuwa taku biyar duk suna riƙe da wasan shi kuma ya zaɓi na shida, to akwai tambaya.

Sannan ka yi gardama da injin. Buga masa takun da ka rubuta a mataki na 4 ka ga yadda zai rusa shi. In ya ba da takun da ba ka gane ba, buga masa amsar da ta fi maka kama da daidai, ka ci gaba har sai ka ga da idonka abin da aka ci ko aka kashe. Layin da ba za ka iya bayyana shi da baki ba, ba ka fahimce shi ba tukuna.

A ƙarshen wasa, idan 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce bakwai ba har da sarakuna, akwai rumbun da aka riga aka lissafa kowane matsayi a cikinsa, irin su Syzygy, kuma Lichess na nuna shi kai tsaye. A nan babu hasashe: nasara ce, ko canjaras, ko faɗuwa. Da shi aka tabbatar cewa a wasa na 6 na Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi a Dubai a 2021, wanda ya kai taku 136, mafi tsawo a tarihin gasar kambun duniya, wasan canjaras ne har sai da Nepomniachtchi, mai riƙe da Baƙi, ya buga 130...Qe6.

Mataki na 6: Nemo dalilin kuskuren

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne inji ke barinka kai kaɗai. Mutumin da ya kai maki 2700 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa ba ya yin kuskure don bai san ƙa'ida ba. Akwai abin da ya rufe masa ido, shi za ka nemo.

Ɗauki wasa na 14 na Ding Liren da Gukesh Dommaraju a Singafo, 12 ga Disamba 2024. Jera matsayin a gabanka: Fari, wato Ding, na da hasumiya da bishof da soja ɗaya a g3, Baƙi na da hasumiya da bishof da sojoji biyu a f5 da g4. Kowa na jiran canjaras. Ding, da ya rage masa kusan minti 10 yayin da Gukesh ke da kimanin awa guda, ya nemi musayar hasumiya da 55.Rf2. A ƙa'ida tunanin ba laifi, domin in hasumiyoyi suka tafi bishof suka rage, Fari na iya tsare gida. Matsalar ita ce bishof ɗinsa na zaune a kusurwa, gidan a8, inda hanya ɗaya tak yake da ita. Bayan 55...Rxf2 56.Kxf2 sai Gukesh ya buga 56...Bd5 ya tare hanyar. Duk inda bishof ɗin ya matsa yana bakin ci, dole aka yi musaya. Aka koma sarki da sojoji, 57.Bxd5 Kxd5 58.Ke3 Ke5, Fari ne da taku kuma dole sarkinsa ya ba da hanya. Ding ya miƙa hannu, Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18.

Inji zai liƙa ?? a taku na 55 ya wuce. Kai kuwa ka koma baya ka tambaya: yaushe bishof ɗin ya shiga kusurwa? Me ya kai Fari ga kare wasan da yake ƙasa da soja ɗaya tun farko, alhali a tsakiyar wasa ba ya cikin matsi? Ina lokacinsa ya tafi? Sau da yawa takun da ya sha alamar ?? shi ne na ƙarshe a jerin ƙananan shawarwari da babu wadda inji ya yi wa tsawa a cikinsu.

Wani nau'in kuskuren shi ne makantar da ke kama mutum biyu lokaci guda. A Sochi a 2014, wasa na 6, Carlsen ya buga 26.Kd2, takun da ya ba Viswanathan Anand damar 26...Nxe5. Sirrin yana cikin taku na tsakiya: in Fari ya ci hasumiya da 27.Rxg8, Baƙi ba ya gaggawar ramawa, sai dokinsa ya fara cin wani sojan da 27...Nxc4+ yana tsare sarki. Anand bai daɗe ba ya buga 26...a4, ya ci gaba da shirin da ke kansa, daga baya ya sha kashi. A ganina dalilin a fili yake: wanda ya daɗe yana kare kai ba ya tsammanin kyauta daga Carlsen, don haka bai tsaya nemanta ba.

Akwai kuma siffar da ido bai saba da ita ba. A Bonn ta Jamus a 2006, Vladimir Kramnik, yana riƙe da kambun duniya, ya bari injin kwamfuta Deep Fritz ya kashe masa sarki a taku ɗaya: 34...Qe3 35.Qh7. Dokin da ya mara wa sarauniya baya yana f8, can a layin ƙarshe. An saba ganin irin wannan kisa da doki a g5 ko f6, ba a can ba.

Sai agogo. A yawancin manyan gasa ana ƙara lokaci ne bayan taku na 40, shi ya sa taku na 30 zuwa 40 ke cike da ɓarna. Kuskuren da aka yi da daƙiƙa 40 a agogo, ka nemi asalinsa a takun da ya cinye minti 30 can baya.

Mataki na 7: Ware abin da ba na mutum ba

Ba duk abin da inji ya kira kuskure ne za ka koyi wani abu daga gare shi ba. A Landan a 2018, wasa na 6, wata babbar kwamfuta ta nuna cewa Fabiano Caruana na da hanyar cin Carlsen da 68...Bh4, hanyar da ke kai ga kisa bayan taku kusan 30, ta cikin wasu takun doki da ba su yi kama da hankali ba. Caruana bai gani ba, aka tashi canjaras. Irin wannan ka yi masa alama ka wuce. Ma'aunin shi ne: da an nuna wa gwanin takun bayan wasa, zai dafe kai ne, ko zai ɗaga kafaɗa? Na dafe kai su ne naka.

Mataki na 8: Rubuta da kalmominka, ka koma daga baya

Buɗe shafin nazari a Lichess ko manhajar ChessBase, ko littafin rubutu kawai. Ga kowace mararraba rubuta jimla biyu ko uku: abin da aka buga, abin da ya fi, dalilin da kake ganin ya jawo kuskuren, da abin da kai ka zaɓa kafin ka kunna inji. Kada ka kwafo layin inji mai taku 20, taku huɗu da ka gane sun ishe ka. "Ya nemi musaya bai duba ko bishof ɗinsa na da wajen gudu ba" jimla ce da za ta yi maka aiki a wasanka na gobe, −4.8 kuwa ba za ta yi ba.

Bayan ka gama, nemi hirar da 'yan wasan suka yi da manema labarai bayan wasa, yawanci tana YouTube. A nan sukan faɗi layin da suka lissafa da inda lissafin ya karkace, sai ka gwada da hasashenka. Ajiye matsayin mararrabar daban ba tare da amsa ba, bayan mako biyu ka jera su a allo ka sake warware su da agogo a gefe, minti 5 kowanne.